Mota mai ɗaki da ranar da ta ƙi faɗuwa

Assalamu alaikum jama'a. Wannan hoton da ke tafiya a gefe, na san ya shigo wayar kowa a makon nan. Wani Bature da matarsa zaune a gaban wata farar mota mai ɗaki a cikinta, suna shan shayi, agogon hannunsa ya nuna sha biyun dare, rana kuwa tar. A rumfar mai cajin waya ta garinmu, nan gefen Ringim, saura kaɗan a ba hammata iska a kansa. Wasu suka ce haɗin kwamfuta ne, wani ya ce agogon aka murɗa. Baffana da ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, sai ya ce, "To su waɗannan yaushe suke yin magariba?"

Baffa, za mu zo kan tambayarka. Bari mu sallami motar tukuna.

Ga cikinta nan. Gado, murhun gas, ɗan firiji, tankin ruwa, bayi, da farantin sola a kan rufi. Shi ke nan. Wanda ya taɓa ganin yadda Fulani ke ɗaure gida a bayan sa ba zai yi wani mamaki ba, sai dai wannan san nasu dizal yake sha.

Irin wannan tafiya ana yawan yin ta a arewacin Kanada, a wata hanya da ake kira Dempster. An buɗe ta a 1979. Tana tashi daga kusa da garin Dawson ta dire a Inuvik, kusan kilomita 740, wato ta fi Kano zuwa Maiduguri. Kusan dukanta tsakuwa ce, babu kwalta. An jibga tsakuwar da kauri ne don ƙasan wurin daskararre ne shekara da shekaru, in zafi ya ratsa ya narkar da shi hanya ta nutse. Daga bakin hanyar sai ka ci kilomita 369 kafin ka ga gidan mai, a Eagle Plains. Babu mai faci, babu mai jarka a gefen titi. Koguna biyu, Peel da Mackenzie, a jirgin fito ake tsallake su, da hunturu kuwa a kan ƙanƙara mota ke bi. A 2017 aka ƙara wani ɓangare na kilomita 138 har bakin teku. To, mun gama da hanya.

Yanzu ku aje komai ku dubi hannuna. Wannan lemo ne, na soke shi da tsinken tsintsiya daga sama har ƙasa. Lemon shi ne duniya. Ƙanena yana riƙe da tocila a tsakar ɗaki, ita ce rana. Na ɗiga biro a wuri biyu: ɗigo ɗaya kusa da ƙugun lemon, mu ke nan, Kano da Jigawa, digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Ɗaya ɗigon can sama kusa da tsinke, Inuvik ke nan, digiri 68.

Idan na riƙe tsinken a miƙe ina juya lemon, kowane ɗigo yana shiga haske ya fita, rabi da rabi. Da haka duniya take, da babu gardama. Amma tsinken duniya a karkace yake, da kusan digiri 23 da rabi. Ga shi na karkata kansa wajen tocila. Ku bi ɗigon sama da ido. Ina juyawa, ina juyawa. Ya zagaya gaba ɗaya bai taɓa duhu ba. Namu na ƙugu kuwa ya shiga duhu ya fito kamar kullum.

A nan ne mutane ke ɓata, don haka zan maimaita a hankali. Da yawa suna zaton duniya tana sunkuyawa ne wajen rana a watan Yuni, ta ɗago a Disamba, kamar mai gyangyaɗi. Ba haka ba ne. Ku lura kan tsinken nan yana nuna ƙofar ɗaki. Zan zagaya ƙanena da ƙafa, ba zan motsa wuyan hannuna ba. Na zo ɗaya gefen. Tsinke har yanzu ƙofa yake nunawa, amma yanzu ya ba tocila baya. Wata shida ke nan suka wuce. In na juya lemon, ɗigon sama ba ya ganin haske ko kaɗan. Shi ya sa Inuvik ke yin kwana 56 rana ba ta faɗi ba, sannan da hunturu ta yi kusan wata guda ba ta fito ba. Da a ce a Disamba mai motar nan ya je, da hoton duhu zai turo mana.

Wani a rumfar ya ce ai don sun fi kusa da rana ne. A'a, malam. A farkon Yuli ma duniya ta fi nisa da rana, kusan kilomita miliyan 152, a Janairu kuma 147.

Kuma kada ku ɗauka ranar tsayawa take cik a wuri ɗaya. Ga hoton da aka hanzarta. Tana zagaya sararin sama ne kamar yaro na zagaya rumbu. Da tsakar rana tana kudu, ba ta ma hawa tsakiyar ka, rabin hanya take tsayawa, shi ya sa ba ta ƙuna irin tamu. Sai ta gangaro ta yamma, ta bi ta arewa ƙasa-ƙasa kamar za ta faɗi, ta fasa, ta sake hawa ta gabas.

Ni abin da ya fi burge ni, mu ma muna da rabonmu na wannan karkata, ba mu dai kula ba. Hoto ya ƙare mini a nan, don haka ku yi haƙuri da katangar gidanmu. A watan Yuni, lokacin shuka, ku duba inuwar katanga da azahar, kudu take faɗawa. Da sanyin Disamba, lokacin da kowa ke neman hantsi, ta koma arewa ta yi tsawo. Ladaninmu ya san asuba tana matsowa tana ja da baya. Tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a nan, bambancin bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Can sama, wannan awa ɗaya da rabin ce ta kumbura ta cinye dare ɗungurungum.

To Baffa, magariba. Akwai Musulmi a Inuvik, har da masallaci. A birnin Winnipeg, can kudancin Kanada, aka gina shi a 2010, aka ɗora shi a bayan babbar mota, sannan a jirgin ruwa, tafiyar dubban kilomita kafin a sauke shi. Ka ga ba gida kaɗai ke hawa taya ba. Malamai sun ce a irin wannan wuri ƙaddara lokaci ake yi: a bi jadawalin gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu kuma suka ce a bi na Makka. Wato da agogo ake kiran salla, rana na kallon ladan.

Barci kuwa, ku dubi tagogin motar, duk an toshe su da baƙin labule mai kauri. Wannan ragar da matar ta rufa a fuska kuma ba ado ba ce. Sauro ne. Idan ƙanƙarar sama ta narke, ko'ina fadama yake zama, sauro ya taso gari guda. Da na faɗa wa Baffa haka, sai ya miƙo mini wayar ya ce, ashe har can ma sai an ɗaura gidan sauro, kuma da rana tsaka.