Ba Eko Ba Ne: Daga Ina Ɗigar Ruwan Nan Take Fitowa a Jitar Matan Toronto?

[Bidiyon matan huɗu, gashi a tsuke sama kamar gammo, dogayen takalma]

To jama'a, sallama. Wannan bidiyon ne kuka dame ni da turowa. Wasu sun ce tsohon faifai ne na shekarun 1960 aka wanke shi, wasu sun ce aikin kwamfuta ne, wani kuma ya rantse min cewa eko ne kawai aka murɗa, irin na lasifikar gidan biki. Duk ba haka ba ne.

Sunansu The Surfrajettes, 'yan Toronto ne a Kanada, sun kafu a 2015. A 2018 suka ɗauki Toxic ta Britney Spears suka cire murya, suka mayar da ita kiɗan jita zalla, duniya ta san su. Ku duba abin dariya: garin da ƙanƙara ke rufe motoci, shi ya fitar da masu kiɗan bakin teku, wanda Turawa ke kira surf.

[Tsofaffin hotunan bakin teku, samari ɗauke da katako]

Tarihi a gurguje. Kudancin Kalifoniya, 1961. Samari suna hawa katako suna sululu a kan igiyar ruwa, da dare su cika wani zauren rawa a Balboa don sauraron makaɗin jita Dick Dale. A shekarar ce kuma The Beach Boys suka kafu a Hawthorne: 'yan'uwa uku ciki ɗaya, da ɗan'uwansu, da abokinsu. Su ne suka ɗora muryoyi hawa-hawa a kan kiɗan, da siririyar muryar nan can sama, suna waƙar rana da mota da 'yan mata. A cikinsu kaf Dennis ne kaɗai yake hawan igiyar ruwa da gaske. Brian, wanda ya tsara yawancin waƙoƙin kuma ya rasu a Yunin 2025, daga tudu yake kallo. A 1964 The Beatles suka sauka Amurka daga Ingila, kasuwar kiɗan bakin teku ta watse. A 1994 fim ɗin Pulp Fiction ya buɗe da jitar Dick Dale, aka sake waiwayo. Shi ke nan, kun ci jarrabawa.

Yanzu ku kasa kunne.

[Sautin jita, daƙiƙa huɗu, babu hoto]

Kun ji wannan "ɗis, ɗis" ɗin a ƙarshen kowane bugu, kamar famfo yana ɗiga cikin randa? Shi ne maganarmu ta yau.

Eko, wato amsa-kuwwa, maimaici ne. Ka ce "jama'a", ya ce "ma'a, ma'a, ma'a". Kana iya ƙirga su da yatsa. Wanda kuka ji yanzu ba ya ƙirguwa, kuma ba ya maimaita abin da aka buga, sauya masa kama yake yi. Ga mai aikin nan.

[Akwati a kan tebur, ana kwance bayansa]

Kamfanin Fender, masu ƙera jita, ya fito da irin wannan akwati a 1961. Ku leƙa ciki. Wannan dogon kwanon ƙarfe, kusan inci 17, me ke cikinsa? Sifirin. Siraran wayoyi a nannaɗe, an ja su daga wannan gefe zuwa wancan. Dabarar ma aro ce daga kamfanin Hammond masu ƙera ogan, kayan kiɗa mai kama da fiyano, waɗanda suke so mai bugawa a ɗan falonsa ya ji kamar a cikin katafaren gini yake.

Ku bi yatsana. Sautin jita yana shigowa ta nan a matsayin lantarki. Wannan ɗan maganaɗisun yana karɓarsa ya mayar da shi motsi, ya murɗa bakin sifirin. Motsin ya bi waya ya isa ɗaya bakin, inda wani maganaɗisun yake jira ya mayar da shi lantarki. Amma ba duka yake fita ba. Saura ya dawo baya, ya sake komawa, ya sake dawowa, har ƙarfinsa ya ƙare.

Har nan za ku ce, ai eko ɗin ne. A'a, ku dakata, nan ne kowa yake ɓacewa.

A cikin iska, siririn sauti da kakkaura tare suke tafiya, tare suke isa kunnenka. A cikin sifirin ba haka ba ne, kowane da saurinsa. Bugu ɗaya na tsirkiya tarin sautuka ne a dunƙule. Sun shiga a tare kamar ɗaliban da aka tasa daga makaranta, amma kafin su kai ƙarshen layi wani ya yi gaba, wani yana jan ƙafa. Abin da ya shiga a matsayin "tak" sai ya fito a miƙe, "tiyuu". Kowane zuwa da dawowa yana ƙara miƙe shi. Kunnenmu kuwa ya san wannan sautin tun muna yara, a bakin rijiya muka san shi, shi ya sa muke jin ruwa.

Sai dai akwati kaɗai ba ya ɗiga, kuma wannan ne masu sayen kaya suke gane wa bayan kuɗi sun tafi.

[Kusa da hannun dama a kan jita]

Ga shi na buga tsirkiya na sake ta. Me kuka ji? Hayaniya kawai, kamar ana magana a banɗaki. Dogon sautin ya danne ɗigar. Yanzu ku kalli gefen tafin hannuna, na kwantar da shi a gindin tsirkiyoyin, na shaƙe su. Bugun ya zama gajere, ya mutu nan take, ya bar wa sifirin fili. Ɗis. Ɗis. Ku koma bidiyon matan ku kalli hannun dama, ba gashin ba.

Maɓallai uku ne a fuskar akwatin. Na farko, Dwell, shi ke faɗin irin ƙarfin da za a daki sifirin da shi. Mixer yana auna jiƙaƙƙen sauti, wanda ya bi ta sifirin, da busasshe, wanda bai bi ba. Tone yana ƙara kaifi. Kuma akwatin tsakanin jita da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, yake zama, don haka ɗigar tana shiga amfilifaya da ƙarfinta, ba daga baya aka yayyafa ta ba.

A ra'ayina, manhajojin da ke kwaikwayon wannan sun yi ƙoƙari, wasu ma a waya ba za ka bambance ba. Amma sun cika tsafta. Ƙarfe yana da hali, yau ya yi maka daɗi, gobe motar yashi ta wuce ya kama rawa shi kaɗai.

[Dick Dale a dandali]

Ba ni da hotuna da yawa a nan, don haka ku yi haƙuri da wannan guda ɗaya. Mutumin bahago ne, ya juya jitar na dama ya riƙe a kife bai sauya jerin tsirkiya ba. Mahaifinsa kuma asalin Labanan ne, irin waɗanda muke kira Kwara a Kano. Saurin kaɗa tsirkiya ɗaya ɗin nan, "tirrrr", a gida ya gan shi, wajen ɗan'uwan iyayensa mai buga udu, molon Larabawa. Misirlou da ya fitar a 1962 tsohon kiɗan gabashin Bahar Rum ne, ma'anar sunan Bamasariya. Idan kun ji kamar kun taɓa sanin karin, kunnenku bai yi ƙarya ba, dangin Hijaz ne, wani karin kiɗan Larabawa.

Saura abu ɗaya, wanda makaɗan kan yi a dandali idan kiɗa ya kai ƙarshe. Tunda sifirin motsi yake ji, ba ruwansa da inda motsin ya fito. Masu abin ji a kunne, ku rage murya. Na ba ku daƙiƙa biyu.

[Ƙafa ta harbi akwatin. Ƙara kamar aradu. Allo ya yi baƙi]