Yadda ake karɓo kuɗin harajin TVA a Faransa idan ba a Tarayyar Turai kake zaune ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Yau ina filin jirgin Charles de Gaulle, kuma na'urar nan da kuke gani a bayana sunanta PABLO, ita ce ke tantance takardar mayar da haraji. Magana ta fi shafar 'yan uwa masu fasfo ɗin Faransa da suka koma Yamai ko Abuja ko Landan da zama, suna zuwa hutu su yi sayayya su tafi su bar haƙƙinsu, wato kuɗin TVA, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, wanda ake iya mayar musu.

Kwastan ba ruwansu da launin fasfonka, inda kake zaune suke dubawa. Muddin mazauninka yana wajen Tarayyar Turai, ka kai shekara 16, kuma zuwanka bai kai wata 6 ba, ka cancanta. Mazauna Birtaniya ma sun shigo ciki tun 1 ga Janairu 2021. Amma mai fasfo ɗin Faransa sai ya nuna shaidar zama a waje, misali katin rajistarsa na ofishin jakadanci. Ɗalibi ko mai takardar zama a nan kuwa, kada ma ya wahalar da kansa.

A kanti ake fara aikin. Sayayyar ta haura yuro 100 a kanti ɗaya, cikin kwana 3. Kafin ka biya ka ce kana son détaxe, wato mayar da harajin, ka miƙa fasfo na ainihi, su ba ka takarda mai lambar da na'ura ke karantawa. Ka tsaya ka duba sunanka da lambar fasfon a wurin, don kuskuren harafi ɗaya kan jawo matsala. Taba da magani da kayan gyaran mota ba sa ciki. Haka idan ka jido turare kala ɗaya katan guda, za a ce na kasuwanci ne.

To, lissafi, don a nan ake yawan jin haushi. TVA a kan yawancin kaya kashi 20 ne, amma a kan farashi kafin haraji. Jakar yuro 600, harajinta 100 ne, ba 120 ba. Kamfanonin da ke mayar da kuɗin, irin su Global Blue da Planet, su cire ladarsu, abin da ke zuwa hannunka yawanci kusan kashi 12 na farashin, wato wajen yuro 72. Ni dai na fi son a turo ta kati, karɓar tsaba a nan wani yankan ne kuma.

Ranar tafiya ka zo nan tukuna, kafin a auna kaya. Ka ɗora lambar a gaban na'ura. In ta nuna kore, shi ke nan. In ja ne, ga tagar kwastan can, kuma za su iya cewa fito da kayan. Wanda akwatinsa ya riga ya shige ciki, me zai nuna? Masu jirgin ƙasa zuwa Landan, akwai irin wannan na'urar a tashar Gare du Nord da ke Paris.

Kayan su bar Tarayyar Turai kafin ƙarshen wata na uku bayan watan da aka saye su: sayayyar Maris, 30 ga Yuni ke nan. Wanda ya wuce bai tantance takardar ba yana iya kai ta tare da kayan ofishin jakadancin Faransa a inda yake zaune, amma akwai kuɗin hatimi, kuma sai ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili.