Darasi: Saita Katin Sadarwa Ya Tayar da Sabar ta Hanyar PXE

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, fankokin sabar ne, ba yadda za mu yi da su. Wannan da ke gabana sabar ce, wato babbar kwamfuta mai yi wa sauran kwamfutoci hidima, samfurin Dell PowerEdge R740, kuma abin da za mu yi yau shi ne mu saita ta ta tashi daga sadarwa, ba daga faifan ajiyarta ba, ba kuma daga filasha ba. Wato katin sadarwarta ne zai je ya ɗebo mata babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta irin su Linux, daga wata na'urar. Shi ake kira PXE, turawa suna faɗinsa fiksi. Kamfanin Intel ne ya fito da tsarin, kuma sigar 2.1 da har yau ake dogaro da ita tun shekarar 1999 take. Tsohon abu ne, amma yana nan daram.

Wani zai ce, Malam, me ya hana in soka filasha kawai in gama? In sabar ɗaya ce, soka abinka. Amma ranar da aka kawo maka guda ashirin aka ce gobe ake so su fara aiki, ranar za ka tuna da wannan darasi.

Kafin mu taɓa komai, ku fahimci abin da ke faruwa. Da zarar sabar ta kunna, katin zai yi shela a kan sadarwa: ni ne wane, ga lambata ta MAC, wa zai ba ni adireshi? MAC ita ce lambar shaidar da kowane kati yake zuwa da ita. Uwar garken DHCP, wato sabar da ke rabon adireshi a sadarwa, ita ce za ta amsa, ta ba shi adireshin IP, ta kuma ƙara masa abu biyu: inda zai je, da sunan fayil ɗin da zai ɗauko. A saitin DHCP su ne zaɓi na 66 da na 67. Daga nan sai katin ya tafi ta TFTP, wata sassauƙar hanyar aika fayil da ke amfani da ƙofa ta 69 (lamba ce a manhaja, ba ƙofar soka waya ba), ya sauko da wannan ɗan ƙaramin fayil, fayil ɗin kuma ya jawo sauran. Shi ke nan, matakai uku ne: waya, adireshi, fayil. Duk kuskuren da za ku gani a allo yana nuni ne ga ɗaya daga cikinsu.

To, bari mu leƙa bayan sabar tukuna. Kun ga waɗannan ƙofofi huɗu a jere? Su ne na katin da ya zo da ita. Ga kuma wata guda ɗaya a gefe, an rubuta iDRAC a kanta. Wannan ta kula da sabar daga nesa ce, ba a yin PXE ta cikinta. Na sha ganin mutum ya soka wayarsa a nan, ya ga fitila tana ƙyaftawa, ya zauna jiran gawon shanu har la'asar. Ni dai na soka tawa a ƙofa ta ɗaya.

Na kunna. Za ta ɗauki 'yan mintuna tana duba ƙwaƙwalwarta, sabar ba laftof ba ce, sai an yi haƙuri. Yawwa, ga rubutu ya fito a sama. F2 shiga saiti, F10 Lifecycle Controller, F11 zaɓen abin da za ta tashi da shi, F12 kuma PXE kai tsaye. Masu HPE ProLiant, ku F9 ne naku na shiga saiti, amma F11 da F12 kusan aikinsu ɗaya da na nan. Mun danna F2.

Mu shiga System BIOS, sannan Boot Settings. Abu na farko a nan shi ne Boot Mode, ko dai BIOS ko UEFI. Nan zan ɗan tsaya, don rabin wahalar mutane daga nan take farawa. BIOS shi ne tsohon salo, UEFI sabo. Kowanne da irin fayil ɗin da yake iya karantawa. Mai tsohon salo yana neman abu kamar pxelinux.0, mai UEFI kuma yana neman fayil mai ƙarewa da .efi, kamar grubx64.efi ko ipxe.efi. In ka ba wa UEFI fayil ɗin tsohon salo, zai sauko da shi lafiya lau, sannan ya yi shiru ya wuce abinsa kamar ba a yi komai ba. Kai kuma kana ta zargin waya. Shi ya sa katin yake faɗa wa DHCP ko shi wane iri ne ta zaɓi na 93: sifili na nufin tsohon BIOS, 7 kuma yawanci UEFI mai bit 64. DHCP ɗin da aka saita da kyau yana duba wannan lamba ya ba kowa nasa.

Shawarata, in sabuwar girkawa za ka yi, zaɓi UEFI ka huta, sababbin na'urori ma da yawa sun daina zuwa da tsohon salon. Amma in akwai babbar manhaja a kan sabar tana aiki, kar ka sauya wannan wurin haka kawai. Wadda aka girka a salon BIOS ba za ta tashi a UEFI ba. Bayananka suna nan ba su ɓace ba, amma gabanka zai faɗi kafin ka gane abin da ka yi.

Tawa tana kan UEFI, don haka mu koma baya mu shiga Network Settings. Ga PXE Device 1 har zuwa 4. Na farkon zan mayar Enabled, sauran ukun in bar su a kashe. Dalili kuwa, duk wanda ka kunna sai sabar ta tsaya ta gwada shi, ta jira amsa, kafin ta wuce na gaba. Ɓata lokaci ne kawai. Yanzu mu shiga PXE Device 1 Settings. Interface: a nan za ka faɗa mata wace ƙofa. Na zaɓi Integrated NIC 1 Port 1, don a can na soka waya. Protocol, IPv4, sai dai in sadarwarku da IPv6 take rabon adireshi. VLAN kuma, wato raba sadarwa ɗaya sashe-sashe, ku bar shi a kashe, sai in mai kula da swic, na'urar da wayoyin sadarwa ke haɗuwa a cikinta, ya ce muku ƙofar tana ɗauke da lambar VLAN, to sai ku kunna ku rubuta lambar da ya ba ku daidai. Kar a yi ƙiyasi a nan.

In sabar tana da katuna biyu ko uku, kuma ka rasa wace ƙofa ce ke da wane suna, ga dabara. Koma babban shafin, shiga Device Settings, zaɓi ƙofar. Za ka ga lambar MAC ɗinta, ka rubuta ta a takarda, za ta yi maka amfani wajen DHCP. A katuna da yawa akwai kuma Blink LEDs: sa masa daƙiƙa 15, ka zagaya baya ka ga wace fitila ce ke ƙyaftawa. Ita ce. Kuma masu amfani da tsohon salon BIOS, a nan ne saitinku yake, ba a Network Settings ba. Ku shiga NIC Configuration, ku mayar da Legacy Boot Protocol ya koma PXE. Sunayen kan ɗan bambanta tsakanin katin Intel da na Broadcom, amma abin ɗaya ne.

Secure Boot, a taƙaice: in yana kunne, sabar ba za ta karɓi fayil ɗin da ba shi da sa hannun da ta yarda da shi ba. Manyan nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Red Hat suna zuwa da shimx64.efi don haka. In fayil ɗinka na gida ne ka haɗa, sai ka kashe shi na ɗan lokaci.

Na danna Finish, ta tambaya ko in adana, na ce e. Za ta sake tashi. Sai bayan wannan tashin ne PXE Device 1 zai bayyana a jerin UEFI Boot Sequence, don haka kar ka damu in ba ka gan shi tun farko ba.

Kafin ta dawo, bari in ba ku wani labari a kan wannan jeri. Wani wuri da na taɓa yi wa aiki, mun sa PXE a saman jerin don mu girka sabobi, muka gama, muka manta ba mu mayar da faifan ajiya sama ba. Uwar garken girkawar kuma an saita ta ta goge faifai ta girka sabo ba tare da tambayar kowa ba. Bayan wata biyu wuta ta ɗauke da dare, batir ya ƙare, da ta dawo sabar ɗaya ta tashi ta sadarwa, ta wanke kanta tas. Allah ya taimake mu akwai kwafin ajiya na jiya. Tun daga ranar ban ƙara sa PXE a sama ba. Faifan ajiya a farko, sadarwa a ƙasa, in ina son girkawa in danna F12, ko in shiga F11 in zaɓi tashi na sau ɗaya. Daga nesa ma iDRAC yana ba ka wannan zaɓi na tashi na gaba kaɗai.

Ga ta ta dawo. F12. Ku kalli allo: Start PXE over IPv4. Yana shela ke nan. To, kun gani, ya tsaya, ya ce PXE-E16, babu tayin da ya samu. Da gangan na bar wannan don ku gani. Ba wanda ya amsa masa. A tsohon salo makamancin wannan saƙo shi ne E51. In kuwa E61 kuka gani, matsalar waya ce ko an soka ta a wata ƙofar daban. E53, an ba shi adireshi amma ba a faɗa masa sunan fayil ba, sai ku duba zaɓi na 67. E32, ya je TFTP ya ƙwanƙwasa ba a buɗe ba, ko dai manhajar ba ta aiki ko katangar tsaro ta tare ƙofa ta 69.

Mu namu, DHCP ɗina yana aiki, na san da haka. Abin da ya rage biyu ne. Ko dai sabar tana wani sashe na sadarwa daban da DHCP, shelar kuma ba ta tsallake rauta, na'urar da ke haɗa sassan, sai an sa wa rautar umarnin ip helper-address. Ko kuma swic ɗin ne. Tsohon tsarin Spanning Tree, mai hana saƙo yin ta zagaye tsakanin swic da swic, yana riƙe ƙofa kusan daƙiƙa 30 yana saurare kafin ya bar komai ya wuce, katin kuma ya gaji da jira ya haƙura. Nawa wannan ne. Bari in shiga swic ɗin, Cisco ne, in zaɓi ƙofar, in rubuta spanning-tree portfast. A kan ƙofar da sabar take kaɗai fa, ba wadda ta haɗa swic da swic ba.

Mu sake gwadawa. Sai an sake jiran fankokin nan su yi kukansu. F12. Yawwa, alhamdu lillahi, ga adireshi ya samu, 192.168.10.51, ga sunan fayil, ya ce ya sauko da shi. Ga jerin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ya fito, zan zaɓi girka Ubuntu. A darasi na gaba za mu koma ɗaya ɓangaren, mu haɗa DHCP da TFTP ta amfani da manhajar dnsmasq a kan wannan ƙaramar kwamfutar da ke gefena, sannan mu gwada HTTP Boot da ya shigo da UEFI 2.5 a 2015, don TFTP yana da jan ƙafa in fayil ya yi girma. Sai mun haɗu, a huta lafiya.