Jiki Ya Fi Kunne Ji

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. An ce in yi magana kan hikimar zaman duniya, na rubuto abu 3 a takarda, ga ta nan zufa ta cinye rabinta.

Na farko, Bahaushe ya ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Wannan ba sai na ja shi ba, duk mai aure a nan an riga an karanta masa shi a gida. (Dariya.)

Na biyu shi ne ya taso ni daga gida: jiki ya fi kunne ji. Ku dubi garin nan namu, Maraɗi. Kakanninmu Katsinawa da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi, zamanin Sarki Ɗan Kasawa, ina suka sauka? Cikin kwari, bakin gulbi. Ban ga laifinsu ba, zamanin yaƙi ne, ga ruwa kusa, ga kurmin ɓuya. To yaƙi ya ƙare, Nasara ya zo, wa ya motsa? Ba kowa. Duk damina gulbi na cika, ido na gani, ana cewa ai bai taɓa kawowa nan ba. Shekara ɗari da ɗoriya ana zaune! Sai 1945 ruwa ya shigo gari ya kwantar da gidajen laka. Sannan ne fa aka tattara aka hau tudu, aka ja waɗannan tituna miƙaƙƙu da 'yan kabu-kabu ke tsere a kai yau. Sai da ruwa ya taɓa tabarma. Jiki, jama'a, jiki.

Kada ku ce ina zagin magabata, ni na fi su. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan gyaɗa ne, ya sha gaya mini: abokinka in za ka iya ka ba shi kyauta, kada ka ranta masa. Na ce to, Baba. Da na fara ɗaukar albashi wani amini ya zo, jaka 50, zai saro kaya Jibiya ya dawo mini da su bayan sati biyu. Yau ɗansa na fari ya yi aure. Abin da har yanzu ke ɗaure mini kai, in na hango shi a babbar kasuwa ni ke sauya layi, ni ke jin kunya! Shi kuwa har ɗago mini hannu yake. Alhaji, na ga kana sunkuyar da kai, kai ne mai bin bashin ko kai ake bi? (Dariya.)

Na huɗu... na uku ke nan? Zufa ta tafi da shi. Kan haƙuri ne dai, kun san shi.

(Wani saurayi: Baba, in jiki ya fi kunne ji, mene ne amfanin zaman da muka yi nan tun azahar?)

Kai, ɗan nan! Jami'ar Ɗan Dikko kake ko? Na sani. Wallahi ka kama ni, ni ma nawa uban bakinsa kawai ya ɓata. Amma zo nan gaba. Akwai jaka 5 a aljihunka? Ranta mini, ranar Juma'a in ba ka. A'a, ina za ka? Ku tare mini shi!