Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Sashen Nazarin Labarin Ƙasa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mai girma Shugaban Jami'a, iyayenmu hakimai da 'yan majalisar Sarki, shehunan malamai, ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban wannan sashe, ina yi wa Sarki barka da zuwa, sannu da hanya. Mun daɗe muna fatan wannan rana, domin aikinmu da na fada a kan abu ɗaya suke: ƙasa da mutanen da ke zaune a kanta.

Abin da muke koyarwa a nan shi ne haɗa taswira da bayanai a cikin kwamfuta, fasahar da duniya ta sani da suna GIS, wadda aka fara aiki da ita a Kanada a shekarun 1960. Ɗalibi zai shimfiɗa taswirar garuruwa, ya ɗora ta rijiyoyi a kanta, ya ƙara ta asibitoci da hanyoyi, sannan ya tambayi kwamfuta wane ƙauye ne mai naƙuda za ta fi shan wahala kafin ta isa asibiti idan damina ta yanke hanya. Hotunan da muke aiki da su daga tauraron ɗan Adam suke zuwa. Na Landsat, mallakar Amurka, sun faro tun 1972, kuma tun 2008 kyauta ake saukar da su. Nijeriya ma ta harba nata, NigeriaSat-1, a 2003.

Da waɗannan hotuna ɗalibanmu ke bin sawun ruwa shekara bayan shekara. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya hali, ciyawar kachala ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa kwana a gonakin da a da shinkafa ake nomawa. Manomi ya san haka a gonarsa. Taswira kuwa tana nuna wa mai mulki girman abin gaba ɗaya, da inda ya kamata a fara yashewa.

Sai dai, Allah ya ja zamanin Sarki, tauraro rufin ɗaki yake gani, bai san sunan mai gidan ba. Na taɓa raka ɗalibai wani ƙauye. Wata ɗaliba ta tsaya a bakin rijiya da waya a hannu tana ɗaukar lambobin wurin, sai mai unguwa, dattijo mai furfura, ya leƙa takardar da muka bugo, ya ɗora yatsa a wani fili da muka ɗauka daji ne, ya ce, "Nan ai burtali ne, tun zamanin kakana shanu ke bi zuwa mashaya." Babu hoton da zai gaya mana haka. Ranar na koma gida ina jin cewa rabin iliminmu yana hannun dagatai da masu unguwanni.

Sarki ya fi ni sanin yadda aka yi yaƙi da shan-inna. Daga 2012 aka fara sauya taswirar da ake zanawa da hannu da wadda aka fitar daga hoton tauraro, aka sa wayoyi a akwatunan rigakafi suna nuna inda ma'aikata suka taka, aka gano rugage da ƙananan ƙauyuka da ake tsallakewa. Amma sarakuna ne suka buɗe ƙofofin gidajen, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da nau'in ƙwayar cutar na asali, wanda ake kira wild poliovirus, a watan Agusta na 2020.

Don haka muna da roƙo, kuma ba na kuɗi ba ne. Muna neman Sarki ya ba hakimai da dagatai umarni su karɓi ɗalibanmu idan sun fita aikin fili, su zaga da su, su nuna musu burtali da makiyaya da mashaya, da maƙabartu, da kududdufan da ake cikewa ana gini a kai, ruwa ya rasa wurin zuwa ya shiga gidajen mutane. Rikicin manoma da makiyaya sau da yawa daga iyakar da babu ita a rubuce yake tashi, kuma dattawan da suka san ta suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mu kuma mun ɗauki alkawari, duk taswirar da aka gama za a kai kwafinta fada da gidan kowane hakimi, da sunayen wurare yadda mutanen wurin suke faɗarsu.

Ranka ya daɗe, ɗalibai sun buɗe hoton masarautarka a kan babban allo, suna jira a ɗakin kwamfuta. Muna roƙon Sarki ya taka ya shiga, ya nuna mana inda muka yi kuskure. Allah ya taimaki Sarki, ya mayar da shi fada lafiya.