Ɗan farin filin da ke tsakanin zane biyu

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar littafin labari mai zane za mu yi, wanda Turawa ke ce wa girafik nobel, kuma kafin wani ya ce ai wannan na yara ne, ɗan dakata min tukuna.

Ni ma da haka na ɗauka, har ranar da na ci karo da Maus na Art Spiegelman. Hotuna kawai na buɗe in kalla wallahi, sai ga ni har tsakar dare ban ajiye ba. Labarin babansa ya zana, Vladek, wanda ya tsira daga Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi na Jamus suka yi wa Yahudawa kisan gilla a Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya mai da Yahudawa ɓeraye, Jamusawa kuma kyanwoyi. A 1992 aka ba littafin lambar yabo ta musamman ta Pulitzer. Na yara kuma? Haba dai.

To yanzu ku ƙaddara ga shafi a gabanku mai zane biyu, kowanne a cikin akwatinsa. Akwatin farko, kofin gilas ne a bakin tebur, gwiwar hannun wani ta kusa taɓa shi. Akwati na biyu, gilas a tarwatse a ƙasa, wata mata ta dafe ƙirji. Ina faɗuwar kofin? Babu wanda ya zana ta! Kai ka faɗar da shi a cikin kanka, har ƙarar ma sai da ka ji, alhali takarda ce a hannunka ba ta ce uffan ba. Wannan siririn filin na tsakiya masu harkar suna ce masa kwata, e, irin ta ruwa, kuma wani mai irin wannan zane, Scott McCloud, ya yi dogon bayani a kansa a littafinsa na 1993. A fim komai ana miƙo maka, a nan kuwa rabin aikin naka ne, shi ya sa kana gamawa sai ka ji hannunka na ƙaiƙayi kai ma kana so ka gwada.

Sai ka ce ai ban iya zane ba. Je ka duba Persepolis na Marjane Satrapi, wanda ya fara fita a Faransa a 2000, labarin yarintarta a Iran lokacin juyin juya halin 1979. Baƙi da fari ne kawai, fuskokin ma ba wani kwalliya, amma shafi ɗaya zai sa ka yi shiru.

Ga abin da za ka yi yau da daddare. Ɗauko takarda ka ninke ta gida huɗu, ka zana wani abu da ya same ka yau, ko da mutum-mutumin sanda ne ba komai, amma wurin da abin ya fi zafi kar ka zana shi, tsallake. Sai ka miƙa wa wani ba tare da ka ce komai ba, ka tsaya kana kallon fuskarsa lokacin da idonsa ya tsallaka daga akwati na biyu zuwa na uku.