Jawabin maraba ga Farfesa, daga mu 'yan ɗakin gwajin jini

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Farfesa sannunku da zuwa, sannu da hanya, mun san sammako kuka yi daga Zariya don ku iso mana Kaduna akan lokaci, Allah ya saka da alheri. A madadin likitoci da nas-nas da mu 'yan lab muna cewa lale marhabin.

Toh ranka ya daɗe, abin da ke hana mu barci dai gudan jini ne. Mutum na kwance a ɗakin kulawa ta musamman, ba motsi, ga injin numfashi, sai jini ya daskare a jijiyar ƙafa shiru ba wanda ya sani, ranar da ya ɓalle kuwa huhu zai je ya toshe. Korona ta nuna wa duniya haka a 2020. Ni kaina akwai wata mai jego da muka ɗauka ta fara samun sauƙi, har kunu ta sha da safe, kafin la'asar rai ya yi halinsa, wlh har yau tana raina.

Gwajin Di-daima muke yi, wanda ke nuna alamar gudan jini a jiki, amma a wannan ɗakin kusan kowa nasa a sama yake, tiyata na ɗaga shi, ciki na ɗaga shi, ƙwayar cuta in ta shiga jini ma haka, toh wa za ka ware? Shi yasa muka koma sa ido kan enzayim, wato sinadaran da ke hanzarta ayyukan cikin jiki. LDH, enzayim ɗin da ke fita cikin jini in ƙwayoyin jiki sun lalace, na da sauƙin kuɗi kuma injinmu na yi, sai dai masu sikila da masu maleriya mai tsanani dama can nasu a sama yake saboda jajayen ƙwayoyin jininsu na fashewa, kenan ma'aunin da aka tsara da jinin mutanen Turai da Amurka ta ina zai zauna daidai a jikin namu? Shi kuwa ADAMTS13, wanda ke datse sinadarin da ke manne ƙwayoyin jini kuma yake raguwa in ciwo ya yi tsanani, mu a takarda kawai muke ganinsa.

Roƙonmu ɗaya ne Farfesa, ku ja mana gaba a yi bincike akan namu majinyatan, mu samu namu ma'aunin, yadda likita zai san wa zai ƙara wa allurar hefarin mai hana jini daskarewa, wa kuma zai yi hattara da shi kar ta jawo mai zubar jini. Samfur muna da shi, hannuwan aiki ma akwai.

Bismillah ranka ya daɗe, ga makirfo.